Katin Zaɓe Ma Yana Da Unguwarsu

In ka ɗauko katin zaɓenka na dindindin ka duba da kyau, ban da hoto da suna akwai wasu lambobi kashi huɗu da ba a cika kula da su ba: na jiha, na ƙaramar hukuma, na mazaɓa, sai na rumfa. Su ne adireshin ƙuri'arka. A cikin rumfuna 176,846 da hukumar zaɓe ta INEC ta ware a faɗin Najeriya, ɗaya tak ce ta san sunanka, kuma can kaɗai za a ba ka takardar ƙuri'a.

Ka'idar rajista ba ta da wuya. Ka zama ɗan ƙasa, ka cika shekara 18, sannan ya kasance a yankin kake zaune, ko nan kake aiki, ko can ne asalinka. Sai ka je da kanka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, domin ba a aike. Ranar zaɓe na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS za ta nemi yatsa, in noma ko wanki ya cinye zanen, sai ta duba fuska.

Sai dai mutum yana tashi, katin kuwa yana nan inda aka yanke shi. Dubi amarya ranar kai ta ɗaki. An ɗaure gado da katifa, an ƙirga kwanuka, katin ma yana cikin leda a ƙasan akwati, amma sunanta yana can rumfar makarantar firamare ta unguwar iyayenta. Wadda aka ɗauko daga Fagge aka kai Kumbotso, ranar zaɓe an hana zirga-zirgar ababen hawa, ga goyo, ga rana. Sai ta ce, "Wa zai kai ni?" Shi ke nan ƙuri'a ta tafi. Haka ɗan cirani da ke dako a Legas katinsa na Daura, haka wanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyensu.

Wasu kuma sai su sake sabuwar rajista a inda suka koma, alhali doka ta hana yi sau biyu. A rajistar da aka rufe a Yulin 2022, cikin miliyan 12.3 da aka yi, hukumar ta soke kusan miliyan 2.8, da yawa saboda maimaici. Abin da ya dace shi ne neman sauyin rumfa, ko a ofishin hukumar na ƙaramar hukuma ko ta intanet, tun ana cikin lokacin rajista.

A 2023 mutum miliyan 93.4 ne a kundin masu zaɓe, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Dalilan suna da yawa, nisan rumfa kuwa yana cikinsu, kuma shi ne mai sauƙin magani.

Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai 1979, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan wannan haƙƙi. Bai kamata jikokinsu su rasa shi don an sauya musu unguwa ba. Angon da ya nemo gida, ya nemo wa matarsa rumfa mafi kusa, mai unguwa kuma in ya ga baƙuwar fuska ta tare, ya tambaya ko an sauya kati.