Teksas, ƙasar da jaki yake gadin dawaki

A wannan wata za mu leƙa wata jiha ta ƙasar Amurka mai suna Teksas. Tana kudancin ƙasar, iyaka da Meksiko. Girmanta ya ɗara rabin ƙasarmu Nijar.

Yammacin Teksas ƙasar kiwo ce. Fili ne mai duwatsu da ƙaya da gajerun itatuwa. Wajen garin San Anjelo, ruwan da ke sauka a shekara milimita 500 ne da ƴan kai, kusan kamar na Maraɗi. A garin nan akwai babbar kasuwar tumaki da awaki. Duk cikin jihohin Amurka babu wadda ta kai Teksas yawan shanu da tumaki da awaki da dawaki.

Kiwonsu ya bambanta da namu. Can ba a tura yaro bin garke. Ba a ɗaure doki ga turke a tsakar gida ana kawo mishi harawa. Mai bisashe yakan kewaye filinshi da shingen waya, ya saki garke a ciki. Nan suke ci, nan suke sha, nan suke kwana. Sai ya zo da mota ya duba su, ya koma.

Ɓarnar dare

Garken da ba shi da mai tsaro, ɓarawo ba ya rasa shi. Babban ɓarawon Teksas wani irin dila ne da ake kira koyot. Ya fi dilanmu girma. Yana kama ƴan raguna da ƴan awaki. Ba ya iya kada babban doki, amma sabon haihuwa yana cikin haɗari. Akwai kuma karnukan da ke yawo ba mai su. Su kan kori dawaki da dare. Doki in ya firgita ba ya ganin gabanshi, sai ya faɗa kan waya ya yayyanke.

Da can, makiyaya guba suke zubawa a daji. Gubar ba ta zaɓe. Ta kashe dila, ta kashe tsuntsaye da sauran namun daji. A shekara ta 1972 gomnatin Amurka ta hana yawancin wannan guba. Daga nan mutane suka shiga neman wata dabara. Wasu suka nemi manyan karnukan gadi. Wasu suka tuna da jaki. Wani bincike da ma'aikatar noma ta Teksas ta yi a 1989 ya nuna cewa cikin masu tumaki da awaki wajen 11.000, fiye da 1.000 suna da jakin gadi.

Yadda jaki yake gadi

Doki da jaki dangi ne, amma halinsu ba ɗaya ba ne. Doki in ya ga abin tsoro, gudu yake. Jaki yakan tsaya ya duba. Asalinshi jakin jeji ne na gabashin Afirka, inda ruwa da ciyawa suka yi ƙaranci, kuma kowane yana kare wurinshi. Mutanen Sipaniya ne suka kai shi Amurka, yau wajen shekara 500 ke nan.

Jaki ba ya shiri da kare da duk danginshi. Kunnenshi yana ji daga nesa. In ya hango dila sai ya yi kuka mai ƙarfi, ya bi shi a guje. In ya cim mishi, ya tattake shi da ƙafafun gaba, ya cije shi, ya harbe shi da na baya. Kukan nan kuma yana tada mai gida.

Ga wani sauƙi: ciyawar da garke ke ci ita yake ci. Ba a dafa mishi abinci kamar kare. In ya samu kulawa yakan yi shekara 25 ko fiye.

Abin da suka koya

Ba kowane jaki ke gadi ba. A binciken nan na 1989, wasu makiyaya sun yaba, wasu sun ce jakin bai tsinana musu komi ba. Ga abin da aka gane.

Jaka mace ta fi, ko namiji dandaƙaƙƙe. Namijin da ba a dandaƙe ba yana da faɗa. Yakan ciji ƙananan bisashe har ya kashe su. In kuma ya hau goɗiya, alfadari za ta haifa, shi kuwa alfadari ba ya haihuwa.

Ɗaya ake sawa a garke. In sun yi yawa sai su ware su kama gabansu. Mai tumaki kuma ba ya haɗa jakin gadinshi da dawaki, don jakin zai bar tumakin ya bi dawakin. Wannan hali shi ya sa jaki yake saurin sabawa da garken dawaki.

Ana fara raba su da shinge na ƴan kwanaki, suna ganin juna, kafin a haɗa su. In goɗiya ta haihu, ana sa ido, don jaki yakan ɗauki sabon duƙushi baƙo ne. Akwai kuma wata tsutsar huhu da jaki ke ɗauke da ita bai nuna ciwo ba, amma tana sa doki tari. Don haka ake ba su magani tare.

Gadin jaki ya fi kyau a ƙaramin fili inda yake ganin garken duka. Dila ɗaya ko kare ɗaya yake iya kora. In sun zo da yawa, ko damisar dutsen ƙasarsu ta zo, shi ma nama ne.

Mu fa?

Mu ma muna da dila, muna da karnuka masu bin ƴan awaki. Wanda ke da jaka yana iya kwantar da ita kusa da garke. Amma kada a yi zaton za ta tare kura. Kura tana cin jaki. Inda take, garka mai ƙarfi da mutum a kusa su ne magani.

Sai dai jakin ma yana bukatar mai tsaro. Ana sayen fatarshi a kai ƙasar Sin don yin magani. A 2015 jakai wajen 27.000 aka fitar daga Nijar. A 2016, tun shekara ba ta ƙare ba, sun kai 80.000. A shekarar nan gomnati ta hana fitar da su. A watan Fabrairu na 2024, shugabannin ƙasashen Afirka sun taru a Adis Ababa, suka amince a hana yanka jakai don fata.

Wanda ya saida jakarshi don kuɗin yau, gobe mi zai ja mishi guga a rijiya? Mi zai kai taki gona, ya ɗauko dammunan hatsi? A Teksas mai mota da dawaki yana biyan kuɗi ya sayi jaki. Mu da muke da shi a gida, mu ba shi ruwa da harawa, mu rage mishi kaya da duka. In ya yi ciwo, a kai shi wurin likitan bisashe.

Ku karanta wannan labari a ajinku na yaƙi da jahilci, ku tattauna. Wanda ya taɓa ganin jakinshi ya kori dila, ya rubuto ma jaridarku da hannunshi.