"Pass out" da "pass away": ranar da na yi kukan rashin Baba alhali yana raye

1/ Jama'a, bari in ba ku labarin yadda 'yar kalma ɗaya ta Turanci ta taso ni daga Kano zuwa Kusada ina hawaye. Ku biyo ni 🧵

2/ Cikin azumi ne, ana tsananin zafi. Ina wurin aiki sai ƙanena ya turo saƙo a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp: "Baba passed out." Na kira shi, waya a kashe. Na kira Inna, ba ta ɗaga ba. Innalillahi kawai nake maimaitawa.

3/ Ban san sa'ad da na kai tashar Ƙofar Ruwa ba. Muka wuce Bichi, muka wuce Tsanyawa, ni dai tunanina ko zan riski jana'iza.

4/ Ina shiga gida sai ga Baba kishingiɗe a tabarma, ana yi masa fifita. Ya dube ni ya ce, "Kai kuma lafiya?" Ashe jiri ne ya ɗebe shi a kasuwa, ya suma, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo.

5/ Yaron bai yi kuskure ba, ni mai digirin ne na kwafsa. "Pass out" suma ne. "Pass away" shi ne rasuwa. Aikatau ɗaya ne, amma ƙaramar kalmar da ke biye da shi ita ke juya ma'anar gaba ɗaya.

6/ Akwai ma'ana ta uku. Wanda ya gama horon soja ko na ɗan sanda, shi ma "pass out" ya yi. Haka masu bautar ƙasa ta NYSC, wadda gwamnatin Gowon ta kafa a 1973: bikin sallamarsu shi ne "passing out parade", POP ɗin nan. Ita ce ma'anar da ɗan kawuna ya sani, shi ya sa a ƙasan saƙon ya rubuta "Masha Allah, congrats" 😭

7/ Saƙo ɗaya: ni ina makoki, wani yana barka, mara lafiya kuma yana jiran mai kai shi asibiti. Abin da ya fi damuna ke nan, don babu wanda ya tambaya ko an duba shi.

8/ Mu koyi Turanci, yana da amfani. Amma labarin ciwo ko rasuwa, don Allah a faɗe shi da Hausa. "Ya suma" da "ya rasu" ba sa rikita kowa.

9/ Baba ya warware, alhamdulillahi. Ku fa, wace kalma ce ta taɓa yi muku haka?