Hauwa ko Zara

Sunayen mata da Hausawa suka aro daga Larabci ba su cika zama da tsawonsu ba. Littafi na cewa Hauwa'u, tsakar gida na cewa Hauwa. A'ishatu takan koma A'i ko Shatu, Hadizatu ta koma Dije, Zahra'u kuwa ta zubar da harafin da ke tsakiyarta ta zama Zara. Baki na son abin da zai kira sau hamsin a yini ba tare da gajiya ba, shi ya sa yawancinsu suke tsayawa a gaɓa biyu.

A unguwar Birni ta Damagaram, irin waɗannan sunaye biyu sun hana wani malamin lakwal da matarsa sakewa har kwana shida. An haifa musu ƴa ranar Alhamis, ita ce ta uku a ɗakin, kuma mace ta farko. Sunan rana bai ba kowa wahala ba, domin tun kafin a gama wanka ungozoma ta fara kiranta Lami. Sunan yanka ne ya tsaya. Uban yana son Hauwa, uwar tana son Zara.

Hujjar uban mai nauyi ce, kuma duk wanda ya ji ta sai ya gyaɗa kai. Hauwa sunan mahaifiyarsa ne, wadda ta sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa har ya gama karatu. Sunan uwar ƴan Adam ne kuma. Al'ada ta ba shi wuƙa da nama a wannan sha'ani: shi ne ke yi wa jaririya huɗuba a kunne, shi ke sayen rago, shi ke gaya wa liman sunan da za a raɗa. Da ya ga dama, da ya yanke magana tun daren haihuwa, ba wanda zai ce masa don me.

Uwar kuwa, da aka fara tambayarta, ba ta da abin cewa sai ɗaya: sunan yana yi mata daɗi a baki. Tun tana yarinya take sonsa. A Damagaram, inda Hausawa da Barebari suka daɗe da cakuɗuwa, Zara ba baƙon suna ba ne, kuma asalinsa ba ya ƙasa da na Hauwa, tunda laƙabi ne na Nana Faɗimatu ƴar Manzon Allah. Hausawa kuma suna kiran tauraruwar nan mai haske da ake gani kusa da wata da suna Zara matar wata. Amma duk wannan wasu ne suka kawo mata shi daga baya don su taya ta. Ita dai so take yi, kuma so ba ya cikin abubuwan da ake lissafawa a gaban manya idan ana maganar suna. Wata ƙanwar mijin ma ta yi mata ba'a da karin maganar nan, wai zara ba ta barin dami. Mai koyon Hausa ya lura cewa wannan wata zara ce daban, daga zare abu kaɗan-kaɗan ta fito. Rubutu ne kawai ya haɗa su.

Sai ranar ƙauri, bayan mata sun watse, ta faɗi abin da ke ƙarƙashin son nata. Ɗanta na fari yana da shekara bakwai, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Alkunya ta hana. Yaron nan take cewa, ko ta ce kai, ko ta aiki wani ya kira shi. Na biyu an sa masa sunan mahaifinta, saboda haka Abba ake ce masa, ita ma Abba take cewa. Idan aka sa wa wannan Hauwa, sunan surukarta ke nan, kuma matar kirki ba ta buɗe baki ta kira sunan uwar mijinta, balle ta tsawata wa mai shi ko ta aike ta kasuwa da shi. Yarinyar za ta tashi a Ummi ko Mama, kamar dubban ƴan uwanta.

“Malam,” in ji ta, “ƴaƴa uku na haifa maka. Ina so a ce akwai ɗaya da zan tsaya a bakin ƙofa in kira sunanta da bakina.”

Bai amsa ba a daren nan. Maganar ta fi ƙarfin a ce rigimar mai jego ce. Akwai abin mamaki a wannan al'ada ta takwara: ana sa sunan tsoho don kada ya ɓace, sai girmamawar da ta sa aka sa shi ta hana a furta shi. Gidaje nawa ne ke da Abba da Ummi da Baffa da Iya, waɗanda sunansu na gaskiya ba ya fitowa sai ranar kiran suna a aji, ko ranar ɗaurin aure? Alkunya abu ne mai kyau, ita ke tsare wa kowa matsayinsa a gida mai mutum ashirin. Amma nauyinta ba ya sauka daidai a kan kowa, mata ne suka fi ɗaukarsa.

Gwaggon yaran, yayar uban, ta kawo tsaka-tsaki. A yanka rago da sunan Hauwa'u, a riƙa kiranta Jidda. Kowace Hauwa tana da wannan inkiya, Maijidda ko Jidda, saboda abin da ake faɗa cewa kabarin Nana Hauwa'u yana birnin Jidda, kamar yadda take da Kulu. Jidda gaɓa biyu ne, yana da daɗin kira, ba kuma wanda zai ce an taɓa sunan tsohuwa. Uwar ta yi godiya, ta ce duk abin da aka yanke daidai ne. Wanda ya san ta ya san ba ta gamsu ba. Jidda ma zagaye ne, ita kuwa ta gaji da bi ta bayan gida.

Shi ma malamin yana da ɗan abin da ya ɓoye. Kullum yana kiran sunayen ɗalibai daga takarda, ya kuma san yadda rubutun Faransanci ke yi wa sunayen Nijar: A'ishatu ta zama Aïchatou, Zainabu ta zama Zeinabou, Hauwa ta zama Haoua, babu ko harafin wa a ciki. Ko da yake a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, takardun da mutane ke riƙe da su da wancan rubutun aka yi su. Zara kuwa haruffa huɗu ne a Zinder, huɗu a Kano, huɗu a Njamena. Wannan bai isa ya sa mutum ya bar sunan uwarsa ba, amma ya lura da shi, kuma lurar ta dame shi.

Ranar Laraba da dare, ana gobe suna, rago na ɗaure, an kasa goro da dabino, ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya durƙusa. Ya fara kewaye-kewaye, ta katse shi. Ashe labari ya riga shi isowa, gidan yawa ba ya riƙe sirri.

“Takwara nawa kuke so ku tara mini?” in ji ta. “Yayarka ta yi mini ɗaya, ƙaninka ya yi mini ɗaya, ko wacce Ummi, in na kira ɗaya biyu ke zuwa. Wannan kishiya tawa ta zo ƙwace mini miji, kada ta haɗa da suna. Ba uwarta abin da take so.”

“Inna, kada mutane su ce na ƙi ki.”

“Mutanen su zo su gaya mini.”

Da asuba, bayan an idar da salla, ya sunkuya ya gaya wa liman a kunne. Aka yi addu'a, aka shafa, maroƙi ya ɗaga murya ya ce sunan yarinya Faɗimatu Zahra'u, Allah ya raya. Gwaggo ta ɗan ɓata rai har zuwa hantsi, sannan ta karɓi jaririyar ta riƙe wa wanzami. A cikin ɗaki, mata suna ta tambayar mai jego wane suna aka sa, alhali duk sun ji, don dai su ji ta faɗa. Ta faɗa sau uku kafin a kawo kunun kanwa.