Littafin da Ya Koma Shafi-Shafi

A lungunan bayan Ƙofar Nassarawa, matan da suka yi ƙuruciya a shekarun 1990 sun san hayar littafi. Budurwa ta karɓo In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ta raba dare da shi a hasken fitilar ƙwai, domin gobe wata na jira. Wannan jiran shi ya koya mata natsuwa.

'Ya'yansu ma suna karatu, wataƙila fiye da iyayen. Sai dai labarin yanzu ta WhatsApp ko Wattpad yake isowa, shafi ɗaya yau, ɗaya gobe, a tsakanin sanarwar biki da bidiyon TikTok. Marubuciya ta san kishiyoyinta. Dole kowane shafi ya ƙare da saki, mari ko suma, in ba haka ba babu mai turo kuɗin ci gaban labari. Abin da ya fara salwanta shi ne siffantawa: tsakar gida da hantsi, shirun uwa, doguwar nasihar tsoho.

Wadda ta saba da wannan gutsure, a miƙa mata Magana Jari Ce, tun kafin aku ya buɗe baki hannunta ya koma kan waya.