Layin Ja a Motar Kawu

Duk wanda ya taɓa zama kusa da direba a motar zamani ya san layukan nan da ke fitowa a sikirin da zarar an saka ribas: kore can nesa, ruwan ɗorawa a tsakiya, ja dab da bamba. Da yawa ana ɗauka kyamarar ce ke auna tazara. Ba ta auna komai. Zane ne kawai aka ɗora a kan hoton, kuma wanda ya zana shi ya gina lissafinsa ne a kan cewa kyamarar tana nan a tsayin da ya sani, tana kallon ƙasa a kusurwar da ya sani, sannan ƙasar da ke bayan motar shimfiɗaɗɗiya ce. Da ɗaya daga ciki zai sauya, layukan za su ci gaba da fitowa raɗau da launinsu, amma ƙarya suke yi.

Na yi zaman SIWES ɗina a wani gareji a Birnin Kudu, kuma aikin farko da aka bar mini ni kaɗai shi ne motar kawuna. Tsohuwar Sienna ce da yake jigila da ita tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ranar kasuwa kuma ya wuce Sara. Ba ta zo da kyamara ba, wani mai wayarin ne a Kano ya ɗaura masa ita tare da sikirin.

"Injiniya, zo ka duba mini talabijin ɗin nan," in ji shi. "Sau biyu ke nan ina gogar katanga alhali layi bai taɓa ta ba."

Na ce, "Kawu, da kaya a mota ko babu?"

Ya ce, "Yo ni yaushe rabona da tafiya ba kaya?"

Katanga ba ta dame ni ba, bulo ne da siminti. Lungun gidansa ne ya tsaya mini a rai. Kowa ya san yadda yaranmu ke son inuwar mota, su zauna a bayanta suna wasan ƙasa, wani ma bai kai tsayin bamba ba. Kawu kuma tunda aka saka masa sikirin ya rage waiwaye.

Dama saboda yara abin ya zama doka a inda ya zama. A 2002 wani likita a Amurka ya taka ɗansa mai shekara biyu, Cameron Gulbransen, yana ribas a ƙofar gidansa. Da sunan yaron aka yi dokar da aka sa wa hannu a 2008. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar a 2014, inda ta ce kimanin mutum 210 ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya, wasu 15,000 kuma su ji rauni, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Daga watan Mayun 2018 kowace sabuwar ƙaramar mota a can dole ta nuna wa direba fili mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 20 a bayanta. Motocin da suka fi yawa a tashoshinmu sun girmi wannan doka nesa ba kusa ba, shi ya sa tamu kyamarar yawanci ta kasuwa ce, wadda ba a yi ta don wata mota takamaimai ba. Layukanta ba su san faɗin motarka ba, ba su san inda aka huda aka ɗaura ta ba.

Kayan gwajin ba su da tsada: tef ɗin awo, igiya biyu, da gwangwanayen madara. Muka sauke komai daga motar, muka daidaita iskar tayoyi, muka tsayar da ita a kan daɓen siminti. Na ja igiya a gefen tayoyin dama, daga ta gaba zuwa ta baya, na zarce da ita mita uku bayan motar, na yi haka a hagu. Waɗannan igiyoyi su ne ainihin hanyar da motar za ta bi idan ta ja baya a miƙe. Sai na jera gwangwanaye a rabin mita, mita ɗaya da mita biyu daga bamba. Kawu ya ja burkin hannu, ya taka burki, ya saka ribas, muka leƙa sikirin.

Layukan biyu duk sun gudu hagu sun bar igiyoyin, kuma sun ɗan kishingiɗa. Dalilin na farko a fili yake: mariƙin but ya tare tsakiya, sai mai ɗaurawar ya matsar da kyamarar gefe kamar taƙi ɗaya. Na biyun kuma sukuru ɗaya ne ya kwance, ta karkace. Hanyar da Kawu ke bi ba ta barin sukuru ya zauna lafiya. Ogana ya lanƙwasa mana ɗan ƙarfe muka maido da ita tsakiya, muka ɗaure tamau. Akwai kuma wata 'yar waya mai kamar zobe a jikin irin waɗannan kyamarori, wadda idan aka yanke ta layukan kyamarar kan ɓace. Muka yanke, muka kunna na sikirin ɗin, don su ana iya jan su da yatsa. Na ja su har suka hau kan igiyoyin, jan ya sauka a kan gwangwanin rabin mita.

Ga 'yan ajinmu da za su gamu da motocin da layinsu ke lanƙwasa tare da sitiyari, wannan wani ciwo ne daban. Akwai na'urar da ke karanta juyin sitiyari, kuma takan rikice bayan an yi alaimen, wani lokaci ma bayan an cire batir. Miƙe tayoyi sak, ka duba. Idan layin ya ci gaba da lanƙwasa, kar ka taɓa kyamara, a sa kwamfuta a sake saita na'urar.

A nan Kawu ya so ya tafi, har ya fara sa albarka. Na ce, "Kawu, ku ɗan dakata, a maido da buhunan tukuna." Aka loda buhu huɗu na masara a baya, yaran gareji uku suka shiga suka zauna. Bayan motar ya zauna, gabanta ya ɗaga. Da muka sake dubawa, layin jan da na saita da hannuna minti goma da suka wuce ya bar gwangwaninsa, ya dawo kusa da mota. Da na auna, wurin da yake nunawa a ƙasa bai fi santimita talatin daga bamba ba.

Ku yi lissafin da kanku, darasin kusurwoyi ne na ND 1. Idan baya ya zauna, kyamara ta yi ƙasa, kuma hancinta ya ƙara dukawa. Layin yana nan a wurinsa a jikin gilashi, amma ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta matso. Direba na ganin sauran rabin mita, alhali ya cinye kusan rabinsa. Kuskuren kuma ta ɓangaren haɗari yake, domin abu yana bayyana nesa fiye da yadda yake. Idan sifirin ɗin baya ya gaji abin ya fi muni. Haka yake faruwa idan ƙasar bayan mota hawa ce, kuma garin duwatsu irin Birnin Kudu ba a rasa hawa da gangara. A gangara akasin haka ne, abu zai bayyana kusa alhali da sauran tazara.

Akwai wanda ko saiti ba ya magance shi. Layukan na ƙasa ne, ba su san abin da ke sama ba. Bayan tifa ko tirela yakan zarce tayoyinta da nisa, don haka kana iya ganin jan layi bai kai tayar ba, amma bodin ya riga ya fasa maka gilashin baya. Kusurwoyin bamba ma ba duka kyamara ke kamawa ba. Ga ƙurar hunturu, wadda kan mayar da hoton kamar an shafa masa koko.

Sai tambaya ta rage: da wanne za a saita, da kaya ko ba kaya? Ogana ya fi son a saita ba kaya, wai haka ake yi a ko'ina. Ni ban yarda ba, na kuma faɗa masa cikin ladabi. Idan aka saita da kaya, ranar da motar ke wayam layin zai nuna abu ya fi kusa fiye da gaskiya, Kawu ya tsaya da wuri, iyakar asarar ke nan. Idan aka saita ba kaya, kuskuren zai faɗo ne a ranakun da motar ta fi nauyi, wato kusan kullum. Oga ya yi shiru, ya ce, "To, ai motar kawunka ce."

Muka saita da buhunan a ciki. Na rubuta ma'aunan a takarda na saka a aljihun gaban mota, tare da tsayin kyamara daga ƙasa, da kaya da kuma ba kaya. Shokozobar baya ta kusa canji, kuma ranar da aka canza ta sai an sake jan igiya, don tsayin motar na iya sauyawa. Batun leƙa bayan mota kafin a tayar da ita a lungu kuwa, Inna ce ta karɓi wannan aikin, kuma ita ba a yi mata gardama.