Kayan bazara ga mai zuwa ziyara Gwandu

Daga watan Maris zuwa Mayu rana a ƙasarmu ba ta raga wa kowa. Zafi yakan haura digiri 40, iskar da ke kaɗawa ita kanta da ɗumi take zuwa. Amma wannan bai hana mutane zuwa Gwandu ziyarar hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ba: 'yan Islamiyya da malamansu, ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, da iyalai da suka haɗa kuɗin mota. Mu mutanen Dalijan ƙaramar hukumarmu ɗaya da Gwandu, zuwa can ba baƙon abu ba ne gare mu. Na daɗe ina lura da abin da masu ziyara ke sawa, kuma wanda ya fi kashe kuɗi a kan tufafinsa sau da yawa shi ya fi jigata kafin la'asar.

A fara da yadi, don a nan ake yin asarar. Lokacin ƙuruciyarmu talaka ba ya tambaya ko yadinsa auduga ne, domin kusan duk abin da ke kasuwa auduga ne: akoko, alawayyo, saƙin gida. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, ana kai musu auduga daga su Funtuwa da Gusau. Da suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, har babbarsu UNTL ta rufe a 2007, sai kasuwanni suka cika da yadin roba mai ƙyalli, daga Kantin Kwari har Jega da Birnin Kebbi. A ido yana da kyau, a hoto ma ya fi kyau. Amma roba ba ta shan gumi. Zufar tana tsayawa tsakanin fata da riga, ƙuraje su feso, yaro ya yi ta kuka uwar ba ta san dalili ba.

Gane auduga ba wuya. Ka damƙe gefen yadin a tafin hannunka ka saki. In ya yamutse, akwai auduga a ciki. In kana son tabbaci, ka roƙi mai shago ya yanko maka ɗan ƙyalle ka kanga masa ashana. Auduga takan ci wuta ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Mai shagon kirki ba zai hana ka wannan ba.

Sai ɗinki. Samarin yanzu suna son riga ta kama jiki, wando ya tsuke a ƙwauri. Ina gaya wa jikokina maza cewa faɗin rigar kakanninsu ba rashin sanin ado ba ne, hanyar iska aka bari. Farin kaftani mara nauyin aiki, wando mai zariya, hula mara kauri: ya isa. Fari yana mayar da hasken rana, kuma sabulu da bula kaɗan suna sabunta shi. Shadda mai sitaci a bar ta sai Sallah da ɗaurin aure. Malafa kuwa, ban san ranar da ta zama abin kunya ba. Da kaba ake saƙa ta a ƙauyukanmu, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma tana rufe fuska da ƙeya, abin da zanna bukar mai tsada ba ta iyawa.

Ga mata, atamfar auduga riga da zane ta fi leshi mai duwatsu, domin leshi sai da shafi, shafin kuma galibi roba ne. Abin da ya fi damuna shi ne hijabi mai kauri, baƙi ko mai duhu, da ake sa wa ƙananan yara mata a tsakiyar bazara. Akwai hijabai marasa nauyi masu hasken launi da ke suturta jiki sarai. Kuma wadda za ta hau kabu-kabu ta tattare bakin hijabinta da zanenta a cinya, haka ma mai babbar riga. Tayar babur ta sha naɗe tufafi ta kayar da mutane, ba labarin ji-ta-ji-ta ba ne.

Takalmi ya zama wanda ake zarewa da sauƙi, fade ko silifas mai kaurin ƙasa. Za a cire shi a masallaci, za a cire shi a hubbare, ga yashi mai zafi a tsakani. Sabon takalmi mai igiya da ba a taɓa sawa ba yakan bar mutum da bororo a dunduniya kafin ya dawo gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne anko. Yanzu har tafiyar wuni ɗaya ana fitar mata da anko, uba ya ci bashi a watan da rumbu ya yi ƙasa kuma ana neman kuɗin iri da taki, ɗiyar da ba a yi wa ba ta ƙi zuwa don kunya. Malaman makarantu, ku dubi Allah ku daina wannan. Ku tuna wa za ku ziyarta. Shehu Abdullahi, wanda aka danƙa wa yammacin daula a 1812 kuma ya rasu a 1829, shi ne mutumin da ya taɓa barin jama'a ya nufi gabas da niyyar Makka, domin ya ga son mulki da kayan duniya sun fara shiga zukatan mutane. Kanawa suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam. A cikin Tazyinul Waraƙati, kayan ado na alfarma suna cikin abubuwan da ya koka a kansu. Abin da garin ya yi suna da shi ilimi ne. Bature Barth da ya sauka a Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, a nan ya samu kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin Songhai da Timbuktu. Kuɗin ankon nan da an saya wa yara ruwa da abincin rana, an ba wani malami na garin abin goro ya zauna da su a inuwa ya ba su wannan tarihi, da sun dawo da abin da ya fi hoto.

Wanda aljihunsa bai kai sabon ɗinki ba ya wanke wanda yake da shi, ko ya duba wurin 'yan gwanjo, inda ake samun rigunan auduga masu kyau. A wanke a shanya a rana kafin a sa. A fita bayan sallar asuba don a gama zagayawa kafin rana ta take, a riƙe gorar ruwa da ɗan tawul. Idan an shiga Mayu kuma, a ƙara mayafi ko rawani a jaka, saboda guguwar da ke zuwa gaban ruwan farko tana taso da ƙura ba sallama.