Masu Cin Abinci da Hannu Ɗaya

Mu mutanen Kabi, da muka tashi muna kallon dambe a Birnin Kebbi da wajen bikin kamun kifi na Argungu, mun san mutumin da arzikinsa kaf ke rataye a hannu ɗaya. Hannu guda ɗan dambe yake naɗe wa zare, da shi yake kisa, da shi yake ciyar da iyali.

A Amurka ma akwai irinsa, wato mai jifa a wasan besbol, wanda ke wurga ƙwallo daga nisan mita 18 da gudun da kan zarce kilomita 150 a awa. Sandy Koufax na ƙungiyar Dodgers ya bar wasa a 1966 yana ɗan shekara 30, ana tsakar yayinsa, saboda ciwon gwiwar hannu. Shi kuwa Tommy John, likita Frank Jobe ya yi masa dashen jijiya a 1974, ya warke, ya ci gaba da jifa har 1989.

To, namu fa? Ranar da yatsu suka karye, sai kalangu ya koma wa wani. Ɗan Anace ya wanzar da sunan Shago, amma waƙa ba ta ɗorin karaya. Mu da ke liƙa kuɗi a fage, mu ne ke wuce tsohon ɗan dambe a bakin mahauta ba ko sallama. Kamata ya yi a riƙa ware wani kaso daga kuɗin ƙofa domin jinyar waɗanda hannunsu ya gaji.